Bayan An Ci Birki: Lahanin Da Ke Ɓoye A Jikin Kekunan Kura Da Kumbotso

Duk wanda ya bi titin Zariya da sanyin safiya a lokacin kakar noman rani, daga Kura ya wuce Ƙarfi, ya haye gadar Tamburawa har ya shigo Dangwauro da Na'ibawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, zai ga jerin masu kekuna sun rungumi gefen kwalta. Wani ya ɗauro kwanduna biyu na tumatir, wani buhun ɗanyar masara, wani damin rake. Ga ma'aikacin kamfani mai sammakon zuwa Challawa, ga ɗan makaranta ya goyo ƙanensa a kariya. A wannan ɗan siririn gefe ne ɗan adaidaita ke yankowa ya tsaya babu sigina don ya hango fasinja, a nan ne akuya ke ɓullowa daga bayan tirelar da aka ajiye. Mai keke ya damƙe birki biyu, tayar baya ta ja ƙasa, ta gaba ta faɗa rami ko ta daki bayan adaidaitar. A yi 'yar cacar baki, masu wucewa su ce, "Yi haƙuri Malam, Allah ya kiyaye gaba." Sai ya matsa taya da yatsa ya ji akwai iska, ya sa tayar gaba tsakanin cinyoyinsa ya murɗo kan keken ya daidaita, ya ƙara ɗaure kayansa, ya hau ya tafi.

Abin da ya duba shi ne abin da zai hana shi tafiya a take. Abin da bai duba ba shi ne abin da zai iya kayar da shi bayan mako biyu ko wata uku: firam, wato gangar jikin keken, da fok mai riƙe da tayar gaba. Taya idan ta sace ba ta ɓoyewa, sarƙa idan ta tsinke dole a sauka. Firam kuwa yana tafiya lafiya lau da tsaga a jikinsa, har ranar da zai rabu biyu. Don haka tsayawar gaggawa, musamman wadda ta ƙare da karo komai ƙanƙantarsa, ita ce lokacin da ya kamata a tsaya a dubi ƙarfen keke. Dubawar ba ta cin kuɗi, ba ta wuce 'yan mintoci, amma har yau ba ta zama al'ada ba a yankin da ake ɗora wa keke nauyi sosai.

Yadda keke ya dawo kan titi

Yankin Kura, Bunkure da Garun Malam ya zama abin da yake a yau ne saboda madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ruwa ke biyo babbar hanyarsa ya rarrabu cikin ƙananan magudanai zuwa gonakin Kadawa da kewaye, a shirin da aka tsara zai shayar da kimanin kadada dubu 22, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara, duk suna fitowa daga wannan ƙasa. Sai dai gona ba ta bakin kwalta. Tsakaninta da inda mota ke tsayawa akwai hanyar burji, akwai gefen magudanar ruwa, akwai kunya-kunya da mota ba ta isa ta bi ba. Wannan tazara ce keke ya daɗe yana cikewa: ya kai taki da iri, ya fito da kwando zuwa bakin titi ko kasuwar Kwanar Gafan, ya kai shanshera wurin masu casa a Kura.

An yi zamanin da keke ya zama abin alfahari. Kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila har masana'anta ya yi a Kano, kuma sunan Rali ya zauna a bakin mutane a matsayin ma'aunin ƙarko. Daga baya Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka mamaye kasuwa da irin wannan siffa: baƙin keke mai taya inci 28, mai birkin sanda, mai nauyin kilo 20 ko kusa da haka. Sai babura masu araha suka shigo, keke ya koma hannun yara da tsofaffi. Hana acaɓa da gwamnatin Kano ta yi a farkon 2013 ya ɗan farfaɗo da shi a cikin birni, amma abin da ya dawo da shi da ƙarfi shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai wajen naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Magidanta da dama suka jingine babur suka janyo tsohon keke daga zaure, wasu suka sayi na gwanjo.

Wannan dawowa ta kawo kekuna iri biyu kan titi ɗaya. Akwai tsofaffin kekunan ƙarfe da suka shekara da shekaru a jingine, akwai kuma na gwanjo masu giya da aka shigo da su daga Turai da Asiya, da yawansu na alminiyam, waɗanda ba wanda ya san irin faɗuwar da suka sha a hannun masu su na farko. Dukansu an ɗora musu aikin da babur ke yi, a kan titin Zariya da aka fara sake ginawa a 2018 kuma motoci ke ƙara gudu a kansa.

Abin da ke faruwa cikin daƙiƙa biyu

Idan mai keke ya damƙe birki, taya ce ke tsayawa, amma jikinsa da kayansa suna nan suna son ci gaba. Nauyi sai ya koma gaba. Ƙasa na tura tayar gaba baya, nauyin mahayi na turo firam gaba, kuma inda waɗannan ƙarfi biyu ke haɗuwa shi ne kafaɗar fok da wuyan keke, wurin da sandar sama da sandar ƙasa suka manne. Daga inda taya ta taɓa ƙasa zuwa kafaɗar fok akwai tazarar da ta haura rabin mita, kuma wannan tazara tana ninka ƙarfin da ke neman lanƙwasa fok ɗin baya.

Masana injiniyancin keke, ciki har da David Gordon Wilson na jami'ar MIT a Amurka, marubucin littafin Bicycling Science, sun lissafa cewa keke na yau da kullum ba zai iya rage gudu da ƙarfin da ya wuce kusan rabin nauyinsa da na mahayinsa ba. Idan aka zarce haka tayar baya ta ɗaga, mahayi ya wuntsila ta saman kan keken. Birkin baya shi kaɗai kuwa bai wuce rabin wannan ba. A gudun kilomita 20 cikin awa, mai birkin gaba mai kyau yana buƙatar kamar mita uku ya tsaya, mai dogaro da na baya kamar shida, ban da wajen mita biyar da zai ci kafin hannunsa ya kai ga birkin. Wannan iyaka tana da wani amfani: mahayi yakan tashi sama kafin ƙarfin ya kai matakin da zai lanƙwasa lafiyayyen fok. Shi ya sa birki kaɗai, a keken da ba shi da lahani kuma ba kaya, da wuya ya yi wa firam illa. Duk wanda ya ce kowace tsayawar gaggawa tana karya keke ya yi ƙari.

Lissafin yana canzawa da zarar an ɗora kaya. A ɗauki mutum mai kilo 65, keke mai kilo 20, da buhuna biyu na taki, kowane kilo 50, a kariya. Jimilla ta kai kilo 185, fiye da ninki biyu na keke da mahayinsa. Nauyin bayan ya danne tayar baya, don haka wuntsilawar da ke kare fok ba za ta zo da wuri ba. Ɗayan biyu ne zai faru. Idan birkin na da kyau, fok zai sha ƙarfin da ya ninka wanda ya saba sha. Idan birkin sanda ne da robarsa ta cinye, kuma wannan ya fi yawa, keken ba zai tsaya inda ake so ba, sai ya ƙarasa tsayawa a jikin wani abu: bakin rami, dakalin gada, bayan adaidaita, gefen kwalbati. Birki yana raba ƙarfin tsayawa a kan mita uku ko shida. Karo yana tattara shi cikin tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba. A nan ƙarfe ke lanƙwashewa. Kuma tun da ƙarfin da ke cikin abu mai tafiya yana ninkuwa huɗu idan gudunsa ya ninka biyu, gangaren gada da kaya a baya ya fi kowane wuri haɗari.

Su kansu masu ƙera kekuna sun san wannan rauni. Shi ya sa kekunan dako na Sin da Indiya ke zuwa da sandar sama biyu, wasu da ƙarin siraran ƙarafa biyu a gaban fok. Ƙa'idar lafiyar keke ta duniya, ISO 4210, ta tanadi gwajin da ake sako wa fok nauyi daga sama, da wanda ake lanƙwasa shi gaba da baya sau dubbai. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke rabawa a wasu ƙasashen Afirka an ƙera kariyarsa ne musamman don ta ɗauki kilo 100. Keken gwanjo mai giya da aka yi don yawon shan iska a Turai ba a yi shi don ko rabin haka ba, amma ana walda masa kariya a ɗora masa jarkoki huɗu, kowace lita 25.

Ruwa, taki da tsatsa

Yankin noman rani yana da nasa ƙarin matsaloli da mai keken cikin Birni bai cika haɗuwa da su ba. Na farko ruwa. Rim na ƙarfe mai ƙyalli idan ya jiƙe, robar birki sai ta riƙa zamewa a kansa, tazarar tsayawa ta ninka sau da yawa. Manomin da ya ratsa ruwan da ya malalo daga magudana ya hau kwalta yana tafe ne kusan ba birki har sai rim ɗin ya bushe, kuma sau da yawa bai sani ba sai ya damƙe ya ji wayam.

Na biyu taki. Yuriya da NPK suna jan laima, kuma suna cin ƙarfe. Ƙwayoyin da suka zubo daga buhu suka maƙale a mahaɗar kariya, ko suka narke suka gangara cikin sandar sirdi, suna aikinsu a hankali. Ruwan da ya shiga cikin bututun firam yakan taru a ƙasa, wajen feda, ya ci ƙarfen daga ciki alhali fentin waje na nan da kyansa. Kaurin bututun nan bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, don haka tsatsa ba ta da doguwar tafiya kafin ta huda shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙaramar tsagar da karo ya bari ita ce ƙofar laima, laima ta faɗaɗa tsagar, girgizar burji ta ƙarasa aikin.

A irin wannan keke, birki mai ƙarfi shi kaɗai ma ya isa ya karya shi. Ba shi ya haddasa lahanin ba, tono shi ya yi.

Inda ake dubawa

Sai an sauke kaya tukuna, an goge laka da tsumma, an kai keken cikin haske. Wurin farko shi ne ƙarƙashin sandar ƙasa, yatsa biyu ko uku daga inda ta haɗu da wuyan keke. Ido ba ya kaiwa nan sai an durƙusa, don haka yatsa ya fi ido aiki. A shafa a hankali. Lafiyayyen bututu sumul yake. Wanda ya sha karo daga gaba yakan yi ɗan tudu ko tattara a wurin, wani lokaci bai fi ƙwayar gero tsayi ba, fentin kansa ya yi zane-zane ko ya ɓantare. Haka za a shafa ƙarƙashin sandar sama. Fenti ya fi ƙarfe saurin fashewa, saboda haka duk inda ƙarfe ya motsa fenti ne ke fara ba da labari. Siririn layin tsatsa mai kama da gashi a gefen mahaɗa ko walda, wanda aka goge bai tafi ba, tsaga ce har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Daga nan sai fok. A tsaya a gefen keken a dube shi daga nesa kaɗan. Saman ƙafafun fok ya kamata ya bi layi ɗaya da wuyan keke, sannan ƙasan ya ɗan lanƙwaso gaba. Idan saman ya karkata baya, ko tayar gaba ta matso kusa da sandar ƙasa fiye da da, ko yatsun ƙafa suka soma taɓa madigadi idan an karya kwana, fok ya tafi. A dawo gaban keken a duba ko tayar na tsakiyar ƙafafun biyu. A ɗaga gaban a juya kan keken dama da hagu: idan yana sakewa a wani wuri yana ɗaurewa a wani, akwai yiwuwar sandar fok da ke cikin wuya ta lanƙwashe, kuma wannan shi ne lahanin da ya fi muni domin yana ɓoye. A kama birkin gaba a riƙa tura keken gaba da baya da hannu ɗaya a kan wuyan. Ƙas-ƙas ɗin da za a ji yana iya zama boris ne suka sake, abin da sifana za ta gyara, yana kuma iya zama abin da ya fi haka. Mai gyara ne zai raba gardama idan ya zare fok ɗin ya duba gindinsa.

Akwai gwajin zare, wanda kowa zai iya yi a ƙofar gida. A ɗaura zare a ƙarshen firam inda aksul ɗin baya ke zama, a ja shi gaba ya zagaye wuyan keke, a dawo da shi ɗaya gefen a ɗaure tamau. Sai a auna tazarar da ke tsakanin zaren da sandar sirdi a dama da hagu. Idan sun yi daidai, firam na tsaye. Idan ɗaya ta fi ɗaya a fili, ya murɗe. A ƙarshe a hau a hankali a wuri mai faɗi, ba kaya, a sassauta riƙo. Keken da ke jan mutum gefe ɗaya, ko ya zo da wani sabon ƙara duk lokacin da aka taka feda, yana da abin faɗa.

Wani abu da ke hana wannan dubawa shi ne ado. Kekuna da yawa an naɗe sandunansu da leda mai launi ko robar tsohon tiyub don kare fenti, kuma naɗin yakan kai har bakin wuya, daidai wurin da ake buƙatar gani. Mai sayen keken gwanjo ma ya yi hattara da sitika ko sabon fenti a wannan wuri kaɗai.

"Ai ƙarfe ne"

Idan aka yi maganar dubawa, amsar farko da za a ji daga masu tsofaffin kekuna ita ce Rali ba ya karyewa, kuma suna da hujja. Ƙarfen da aka yi waɗannan kekuna da shi mai haƙuri ne, yakan lanƙwashe kafin ya karye, tsagarsa kuma tana tafiya a hankali. Amma wannan hujja tana goyon bayan dubawa ne. Amfanin ƙarfen da ke ba da sanarwa yana ga wanda ya karanta sanarwar. Kuma haƙurin na da iyaka, kamar yadda duk yaron da ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya ƙera motar wasa ya sani: sau ɗaya ko biyu tana jurewa, daga nan ta yi tauri a wurin, ta ɓalle. Fok ɗin da aka miƙar bara, aka sake miƙarwa da damina, ya shiga wannan layi.

Wannan ya kai mu ga gyaran da aka saba yi. Mai gyaran keke yakan kwantar da fok, ya zura dogon bututu a ƙafarsa, ya taka ya ja har ido ya ce ya miƙe. Ga fok na ƙarfe da ya ɗan karkata kaɗan, ba tattara ba tsaga, miƙarwa sau ɗaya abu ne da ƙwararru a ko'ina suke yi. Idan ya tattare, ko ya taɓa shan miƙarwa, magani shi ne sabo, kuma fok na cikin kayan keken da ake samu a kasuwa a farashin da bai kama ƙafar na keken ba. Walda kuma ta fi wuya. Yawancin tsofaffin kekuna ba narka bututunsu aka yi aka haɗa ba. An zura su ne cikin mahaɗa aka like da narkakkiyar tagulla. Mai waldar ƙofa da taga idan ya ɗora wutarsa a kan wannan siririn bututu, yakan huda shi, ko ya narkar da tagullar da ke riƙe da mahaɗar, sai a samu ƙaton dunƙulen walda a waje da raunin da ya fi na farko a gefensa. Mai waldar gas da ya san aikin keke zai iya canza bututu ko ya yi masa riga. Tsaga a kariya ko wajen tayar baya, a yi walda a ci gaba da lallaɓawa. Tsaga a fok ko wuya kuwa ba wurin gwaji ba ne, domin idan baya ya karye mutum yakan zauna ne a ƙasa, idan gaba ya karye da fuska yake sauka.

Duk wannan sassauci na keken ƙarfe ne. Alminiyam ba ya son miƙarwa ko sau ɗaya, tsagarsa na gudu da sauri, kuma irin wanda aka fi yin kekuna da shi yana rasa ƙarfinsa a wurin walda sai an sake gasa shi a masana'anta. Mai irin wannan keke da ya ga tsaga a wuyansa ya haƙura da firam ɗin, ya kwashe tayoyi da giya da sauran kayan da za su yi amfani. Gane shi ba wuya: mayen ƙarfe ba ya kama shi.

Hujja ta biyu ta masu ƙin dubawa ta fi nauyi. Mutumin da ya jingine babur saboda tsadar mai, a ce masa kekensa ma ya tsage, me zai yi da wannan labari? Gobe ma sai ya kai kwandonsa. Gaskiya ne, kuma duk shawarar da ta ce kawai a yar a sayi sabo ba ta san yankin ba. Sai dai sani yana buɗe zaɓin da rashin sani ke rufewa. Wanda ya san fok ɗinsa ya yi rauni zai iya raba kayan gida biyu, ya sauka ya tura a gangare, ya daina goyon yaro, ya yi wa tsagar alama ya ga ko tana ƙaruwa, ya tara kuɗin fok kafin kasuwa biyu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kuɗin ɗori ko na asibiti, da kwandon da ya tarwatse a kwalta, da makonnin da manomi zai yi a kwance a tsakiyar kakar tumatir, amfanin da ba ya jiran mai shi ya warke. Talauci ne ma ya sa wannan lissafi ya fi matsa wa talaka.

Akwai masu cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Babu musu a kan haka. Amma manomin da ke faɗin wannan shi ne dai ke zagaya kunyoyinsa yana toshe inda ruwa ke zurarewa, shi ne ke fesa magani tun da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatirin Kadawa a 2016. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin jayayya da ƙaddara ba.

Sai masu cewa an bar jaki ana dukan taiki: laifin na direbobi ne da hanyoyi, ba na keke ba. Su ma sun yi gaskiya a babban ɓangare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.2 ke mutuwa a haɗuran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Titin Zariya ba shi da layin da aka keɓe wa keke, kuma gefen da mai keke ke bi shi ne wurin ajiye tirela da lodin fasinja. Wannan aikin gwamnati ne da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa da KAROTA, kuma ya kamata a ci gaba da matsa musu. Amma kafin su yi, mai keke zai ci gaba da cin birkin gaggawa kullum, kuma muddin hanya ta ƙara muni, buƙatar duba firam ƙaruwa take yi.

Aikin da ba a biya

Me ya sa dubawar ba ta kama ba, alhali masu gyara da yawa sun san alamomin nan sarai? Dalilin yana cikin yadda ake biyan su. Mai gyaran keke a gindin bishiya ana ba shi kuɗin faci ne, da na ɗaure wayoyin taya, da na canza boris. Ba wanda ke biyan kuɗin kallo. Idan kuma ya ɗaga kai ya ce, "Maigida, wuyan keken nan fa ya tsage," amsar da ya fi tsammani ita ce an kawo masa faci yana neman ƙarin ciniki. Sai ya yi shiru ya liƙe tiyub ɗinsa. Mai keke ba ya tambaya, mai gyara ba ya faɗa, kowa na ganin ya kiyaye mutuncinsa. Wannan shirun ya fi rashin kayan aiki illa, kuma mai keke ne ya fi sauƙin karya shi, da tambaya ɗaya lokacin da keken ke kife ana faci: "Malam, duba mini wuyan nan da fok."

Akwai kuma wuraren da maganar za ta iya shiga ba tare da an kafa sabon ofis ba. Manoman shirin noman rani suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, kuma suna taruwa a kan rabon ruwa da yashe magudanai. Minti goma a irin wannan taro, da mai gyara ɗaya da lanƙwasasshen fok a hannunsa, ya isa mutum hamsin su san inda za su sa yatsa. Makarantun sakandaren Kura, Bunkure, Panshekara da Kumbotso suna da kekuna jere a harabarsu kowace safiya, mafi yawansu gadon yayye ne da iyaye. Hukumar Kiyaye Haɗura takan yi gangamin hawan keke, musamman a ranar 3 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. Kiran mutane su hau keke ba tare da nuna musu yadda za su gane wanda bai kamata a hau ba, rabin aiki ne.

Kai kuma mai keke, ko uban yaron da ke zuwa makaranta a kan keke: duk ranar da aka ci birkin da tayar gaba ta daki wani abu, ko da ba a faɗi ba, kafin a sake ɗora kaya a warware naɗin da ke bakin wuya, a goge wurin, a shafa ƙarƙashin sandunan biyu, a dubi fok daga gefe. Idan an ji tudu ko an ga layin tsatsa, a tura keken da hannu zuwa wurin mai gyara, kada a hau.